Ƙwalamar Ranar Ɓarar Gyaɗa

A gidanmu, can wani ƙauye kusa da Ajingi, ba a ɓare gyaɗar iri sai bazara ta kai maƙura, lokacin da kaji ke buɗe baki suna haki a gindin randa, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Kafin nan gyaɗar tana cikin ɓawonta a buhu, an jingine ta a ɗakin da babu mai kwana. In aka ɓare ta da wuri zafi zai kashe ta, a shuka ta ƙi fitowa. Haka na taso na tarar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana yi.

Ɓarar iri da hannu ake yi, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Inna ce take sa rana, ta aika wa matan maƙwabta da 'yan uwa, su taru a tsakar gidanmu ƙarƙashin darbejiya. A shimfiɗa tabarmi, a juye gyaɗa a tsakiya, kowacce ta jawo rabonta gabanta. Ba a biyan kowa. Abin da yake kan uwar gida shi ne ta ba su abin motsa baki daga hantsi har la'asar. Sannan duk ƙwayar da ta fashe ko ta motse, wadda ba za ta yi shuka ba, ta wadda ta ɓare ta ce, ta ƙulle abarta ta tafi da ita gida.

Yanzu da nake aure a Gaya, nakan ga mata suna haɗa 'yar walima da yamma, a jera su cincin da sambusa a faranti, a ɗauki hoto kafin a taɓa. Ba na kushewa, ni ma ina ci, har nakan ƙara. Amma duk sanda na gani sai in tuna ƙwalamar Inna, wadda take da dokoki kamar a gaban alƙali. Abu mai maiƙo ba ya zuwa kan tabarmar nan, don ta ce hannun da ya taɓa mai in ya taɓa iri, tururuwa za ta bi shi har cikin rami. Abin da zai sa mace ta nemi cokali ko ta tashi wanke hannu, shi ma babu shi. Sai wanda za a ɗauka da yatsu biyu a jefa a baki, ɗaya hannun yana kan aiki. Babbar dokar kuwa, wadda baƙuwa kan yi wa dariya, ita ce ranar ɓarar gyaɗa ba a cin gyaɗa a gidanmu. Babu ƙuli-ƙuli, babu dakuwa, ko yajin da za a dangwala da riɗi ake daka shi. Inna ta ce da zarar ɗanɗanon gyaɗa ya hau harshe, hannu ya daina jin magana ke nan. Mace tana hira tana ɓarewa, ba za ta san sanda rabin irin ya koma cikinta ba.

To me ake ci? Jiƙaƙƙiyar aya da ta kwana a ruwa ta yi ɓul-ɓul. Gurjiyar da aka soya a yashi. Gugguru, da kantun riɗi da aka farfasa ƙanana, da busasshiyar magarya. Akwai ɗanyen mangwaro da aka yanka aka barbaɗe da gishiri da barkono, wanda in ka ga amarya ta matsa kusa da shi tana haɗiyar yawu, to ba sai an gaya maka labari ba, sai tsofaffi su kalli juna su yi murmushi. Akwai kuma goruba, ita wannan magani ce. In Inna ta ji wata ta fara kwance zancen gidan mutane, ba ta ce mata komai, sai ta miƙa mata goruba. Wallahi har yau in aka ba ni goruba sai na tsaya na tuna abin da na faɗa. Zoɓo kuwa yana randa tun asuba, ya sha citta da kanumfari.

Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai ina yarinya shi ne sauran kayan. Bayan waɗannan 'yan ƙananan abubuwa, Inna takan dafa rogo tukunya guda, ta yayyanka shi loma-loma. Ta dafa dankali. Ta kwana biyu tana shirin tubani, irin wanda ake yi da garin wake a naɗe a ganye, ta turara shi ya cika kwando, a ci da yaji babu mai. Ina ƙwalama, ina tukunyar rogo? Kullum sai ya ragu, kuma ragi mai yawa, har nakan ce a raina Inna ba ta iya awo ba. Sai da na girma na gane ta fi kowa iya awo, don ragin ma da mai shi.

Mai shi ita ce wata tsohuwa da muke ce wa Gwaggo. Ba ƙanwar Baba ba ce, ba mu haɗa jini ba. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata a ƙasar Gafasa, aure ya kawo Inna nan, ita ta zauna can. 'Yar gidan malamai ce, doguwa, siririya, mai tsafta, mayafinta ko ya tsufa ba za ka ga datti a jikinsa ba. Mijinta ya rasu, ɗanta namiji guda ya bi shi, aka bar mata jikoki da 'yar gonar da ba ta kai su ƙarshen shekara. Kowa ya san yadda bazara take a irin wannan gida. Rumbu ya yi ƙasa, sabon abinci da saura, ga kuma shuka tana zuwa. Amma Gwaggo, ina! Ba ta karɓar kyauta. Inna ta taɓa ba ni labarin shekarar da ta aika mata da gero. Washegari geron ya dawo a kwanonsa, da dabino a kai, da saƙon godiya da cewa su alhamdu lillahi suna da shi. Inna ta ce ranar ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, kamar ita ce ta je roƙo.

Abin da Gwaggo take karɓa shi ne haƙƙinta. In ta yi aiki, za ta ci, ta ƙoshi, ta ɗauki rabonta kai a sama. Saboda haka ranar ɓarar gyaɗa ita ce rana guda a shekara da Inna take samun ƙofar da za ta ba ta. Gwaggo takan iso tun da sanyin safiya, kafin kowa, ta zauna a daman Inna. Hannunta yana da sauri, ƙas-ƙas-ƙas kawai kake ji. Da la'asar in aka zo duba abin da kowacce ta ɓare, Inna takan tsugunna a gaban tulin Gwaggo ta ɓata fuska, ta riƙa ɗaga ƙwaya tana cewa wannan ba za ta tsiro ba, wannan ma ta motse, tana turawa gefen rabon Gwaggo. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙwaya jawur, cikakkiya, lafiya lau. Sannan ta ce ga tubani da rogo za su lalace da zafin nan, don Allah a taimaka mata a rage. Gwaggo ta ƙulle, ta ɗora a ka. Wannan gyaɗar ita take yin ƙuli da mai ta sayar, ta ja gidanta har ruwa ya sauka.

Haka aka yi ta yi har Baba ya rasu, gona ta koma hannun yayana, Inna kuma sanyin ƙashi ya kama mata yatsu. In ta ɓare gyaɗa wuni guda, sai ta yi kwanaki ba ta iya ɗaura zani da kanta.

A shekarar da nake son faɗa, na taho daga Gaya ana gobe ɓara, kamar yadda na saba, da kankana biyu da ƙanƙara a kula don a zuba a zoɓo. Na shiga gida na tarar aya a jiƙe, ganyen tubani a wanke, amma Inna tana zaune a ƙofar ɗaki ta yi tagumi. A gefenta ga buhuna a tsaye, sun rame, ba irin cikar gyaɗa mai ɓawo ba. Ashe da safiyar ranar, da yake kasuwar Ajingi na ci, Yaya ya ɗora buhunan iri a babur ya kai wajen mai injin ɓara, ba tare da ya gaya mata ba. Ya dawo da ita tas, a ɓare, a bakace, har ɓawon ya kwaso a wani buhu don hura wuta. So yake ya ba ta mamaki. Ya ce ya gaji da ganin yatsunta a kumbure, daga bana ta huta.

Ba zan ce Yaya ya yi laifi ba. Tausayi ne ya sa shi, kuma shi namiji ne, bai taɓa zama a kan tabarmar nan ba balle ya san abin da ake ƙullawa a kanta. Inna ta sa masa albarka, ya fita yana jin daɗi. Ni ce na ga yadda fuskarta ta koma bayan ya fita.

Na yi ƙoƙarin sauƙaƙa mata. Na ce ai ba komai, kaya sun riga sun haɗu, mata su zo a yi hira a ci a sha, a gari ma haka ake yi. Ta dube ni kamar wadda ta yi maganar yara. Ta ce matan aure za su iya ce wa mazajensu za su gidan Inna ɓarar iri, amma wace ce za ta buɗe baki ta ce za ta je cin aya? Wannan ma mai sauƙi ne. Gwaggo fa? An riga an aika mata tun wancan makon, gobe da sassafe za ta iso. In ta zo ta ga babu aiki, za ta gaisa, ta sha ruwa, ta naɗe hannu a cinya, ko ƙwayar gurjiya ba za ta ɗauka ba, ta koma gida da mayafinta fayau. Na ce to a auna mata daga cikin buhun a ba ta kawai, wannan zurfin ciki na mene ne tsakanin mutanen da suka yi shekaru tare? Raina ya ɗan ɓaci, don ni irin wannan jan aji yana gajiyar da ni. Inna ta ce:

"Ke ba ki san ta ba. Mutuncinta ne kaɗai abin da ya rage mata a duniya. In na karɓe shi, me na ba ta?"

Muka ci gaba da naɗe tubani.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na fito ban ga Inna a ɗaki ba. Na ji motsi a bayan rumbu. Na leƙa, sai ga ta a durƙushe a kan babbar tabarma, ta juye buhun iri guda, ta kwance buhun ɓawon da Yaya ya kawo tana watsawa a kai tana cakuɗawa. Ga ƙwarya cike da tsakuwa da ɓurɓushin ƙasa da ta tsinto a bakin katanga, ita ma tana zubawa. Wannan bai tayar min da hankali ba. Abin da ya dame ni shi ne kwalbar da ke hannunta. Tana ɗibar ƙwaya lafiyayya, ta aza a kan dutse, ta danne da gindin kwalba ta rabe biyu, ta jefa cikin tulin. Da waɗannan yatsun nata masu ciwo.

Na ce, "Inna, iri ne fa. Irin Baba ne."

Gyaɗar nan tun zamanin kakanmu ake juya ta a gonar, ba a taɓa sayen iri a kasuwa ba. Duk ƙwayar da ta fasa, rami guda ne ya tafi a gonar da ita da iyalin Yaya za su ci. Ta sani sarai, ta fi ni sani. Ba ta ɗago ba, ta ce injin bai fasa da yawa ba, in aka tsince abin da ya fasa kawai, rabon Gwaggo ba zai cika tafin hannu biyu ba. Ta ce in zan taimaka in tsugunna, in ba zan taimaka ba in je in duba tubani. Na tsaya ina jin haushi da tausayi sun cakuɗe min kamar tulin da ke gabana. Daga baya na karɓi kwalbar, don na kasa jure ganin yadda take cije leɓe duk sanda ta danna.

Gwaggo ta iso tun hantsi bai yi ba, ta ƙara ramewa a kan bara. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi Gaya da maigidana da yara. Mata suka fara shigowa, muka jawo tabarmar zuwa gindin darbejiya. Inna ba ta yi ƙarya ba, wannan na shaide ta. Cewa kawai ta yi bana yaron nan ya kai gyaɗa inji, ga kuma yadda take yanzu, sai an tsince. Mata suka yi caa a kan inji da mai inji, wata ta ce dama ta ji ana faɗa, wata ta ce ita ko kyauta ba za ta kai ba. Bawan Allah, yana can Ajingi bai san hawa ba bai san sauka ba, aka wanke shi tas. Sai da Inna ta raba goruba har sau uku kafin a bar shi ya huta.

Ni Gwaggo nake kallo. Ta jawo rabonta a faifai, ta baza da yatsa. Ta ɗauki wata tsakuwa ta juya ta, ta ajiye a gefe. Ta ɗauki ƙwayar da aka raba biyu, ta daɗe tana dubanta. Inna kuwa ta duƙufa a kan nata faifan kamar ba ta san da kowa ba. Farantin rogo yana tsakaninsu, babu wadda ta taɓa. Na san in Gwaggo ta ture faifan nan ta ce a ba ta ruwa za ta koma, shi ke nan, ba rabon bana kaɗai ya tafi ba, har da na kowace shekara.

Can sai ta gyara zama, ta ce lallai wannan aiki ne, ɓara ma ta fi shi sauƙi. Ta miƙa hannu ta ɗauki rogo, ta dangwali yajin riɗi, ta kai baki. Na tashi da sauri na ce zan ɗebo zoɓo, don kada a ga idona.

Wunin ya yi daɗi fiye da yadda na zata. Zafi kamar a gasa mutum, iska ko ganye ba ta kaɗawa, amma ƙanƙarar da na kawo ta yi rana, kankana kuma aka ajiye ta sai an gama, saboda ruwanta. Gwaggo ta ci tubani sosai, ta ce wa Inna har yanzu ba ta iya sa kanwa daidai ba, Inna ta ce wadda ta iya ai ba a ga nata ba. Suka tuno wata tsohuwar da take korarsu daga gindin magaryarta suna yara, suka yi dariya har da hawaye. Da la'asar aka raba. Fasasshiyar gyaɗar Gwaggo ta yi tuli mai kyau, aka haɗa mata da ragin rogo da tubani wanda zafi zai lalata.

Ni na ɗauki ƙullin, ni da Inna muka raka ta har bayan gari inda za ta sami babur. Hadari ya ɗan haɗo a gabas. Suna gaba ina biye, suna maganar ko ruwan bana zai zo da wuri. Da muka tsaya, na ɗora mata kayan, ta sa min albarka. Sannan ta juya wajen Inna, ba ta kalle ta ba, gonakin da aka share take kallo, ta ce a hankali:

"Baɗi in Allah ya kai mu, ki rage ƙananan tsakuwan nan. Idona ya fara rauni."

Inna ta ce, "To."

Iyakar abin da suka faɗa ke nan. Babur ya zo, ta hau, muka juyo gida.

Da aka yi shuka, iri bai kai ƙarshen gona ba. Kunyoyin da ke bakin iyaka Yaya wake ya zuba musu, yana ta mitar inji ya cuce shi. Inna ta kira shi ɗaki ta gaya masa gaskiya, don ta ce ba za ta bar alhakin mai inji a wuyanta ba. Ban san yadda suka yi ba. Na dai san shekarar da ta biyo ya ware wasu kunyoyi ya ƙara gyaɗa, kuma da bazara ta yi ya sake kai buhuna Ajingi, ya dawo da su a ɓare, ya ajiye buhun ɓawo a bayan rumbu.

Har yanzu ana taruwa. Matan sun ragu, wasu sun rasu, 'yan baya kuma rabin hankalinsu yana kan waya, amma aya tana kwana a ruwa, goruba tana nan tana jiran mai ita. Yatsun Inna sun daina riƙe kwalba, ni nake zuwa daga Gaya ana gobe in yi mata. Tsakuwar ma ni nake tsintowa a bakin katanga, kuma nakan zaɓi manya-manya, farare, waɗanda Gwaggo za ta gani ba tare da ta sunkuya ba.